Hadarin da Ya Biyo ta Teku

Me ya hana mutum ɗaya, ko da guda, ya buɗe baki ya faɗa ma Malam cewa a Ikko hadari ba sai ta gabas yake tasowa ba? Na tambayi ɗana, na tambayi mai gidan hayarsu, na tambayi kaina har na gaji. Kowa sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na sani, ni ma musulma ce. Amma tambayata tana nan inda na ajiye ta.

Ni ce Dije ta Ƙofar Durbi, matar marigayi Malam Sanda magini. Ban san rubutu ba, ɗiyata Binta ke rubutawa, na kuma ce mata ta sa yadda na faɗa, kada ta rage mani fushi. Ina yi ne don matan unguwa da ke ta tambayar yadda muka tafi mu biyu na dawo ba shi, da kuma masu 'ya'ya a bakin teku.

Katsina

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ce, ƙarshen Agusta, gero ya fara fidda kai. Wani direba ya kawo saƙo cewa Rabi, matar autanmu Kabiru, ta sauka lafiya a Ikko, an samu namiji. Rabi ba ta da uwa, wankan jego ya faɗo kaina. Ni kuwa ban taɓa wuce Funtuwa ba, sai Malam ya ce zai raka ni.

Na ce, "Malam, magini ya bar gari da damina? Sorayen mutane fa?"

Ya ce, "Duk na hau na duba. Har naki da kike gorin na manta da shi."

Aikinshi ke nan da damina, ya hau soro ya share indararo, ya toshe tsaga kafin ruwa ya same ta. Tun yana saurayi har gemunshi ya yi fari, ruwa bai taɓa kama shi a sama ba. Gabas yake dubawa. In ta yi fes sai ya hau, in ta haɗe iska mai sanyi ta fara kaɗawa sai ya sauko. Mata kan aiko su tambaye shi kafin su yi shanya.

Mun fita kafin kiran assalatu, na ɗauro kanwa da gero da yajin jego da kuka da daddawa, da kilishi na tsaraba. A tasha muka yi sallah, babbar bas ta tashi gari na washewa.

Funtuwa

An ce mana mulki ya sake, amma itacen da ake gittawa a hanya bai ji labari ba. Kafin Malumfashi an tsaida mu, bayan Malumfashi an sake. A wani shinge wani mai kaki ya zunguri ƙullina da bakin bindiga.

"Mama, mene ne wannan?"

"Kanwa ce, ɗana. Da aka haife ka uwarka ba ta sha kunu ba?"

Motar duka ta ɗauki dariya, shi ma ya yi, ya ce mu wuce.

A Funtuwa muka tsaya cin abinci wajen hantsi. Rana na dukan kwalta, amma Malam ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya kira direba ya ce a rufe kayan da ke bisa mota. Direba ya ce, "Haba Baba, da wannan ranar?" Malam ya ce, "Rufe dai, in ba a yi ruwa ba ka sauke ni na ƙarasa a ƙasa." Aka ja tamfol ana gunaguni. Ba mu kai Birnin Gwari ba ruwa ya kece. Daga nan kowa a motar sai Baba kaza, Baba kaza, har wata mata ta ba shi goro. Ya dube ni ta gefen ido. Na ce, "Na gani, kada kanka ya fi ƙarfin hularka."

Makwa da Ilori

A Makwa muka kwana, a wata rumfa kusa da tasha, mata gefe maza gefe. Da safe muka haye gadar Kwara. Na rufe ido har muka wuce, Malam na ta ba ni labarin faɗin ruwan, ni ko ban tambaye shi ba.

Daga nan iska ta fara sakewa. Dawa ta ƙare, sai doya da rogo da itatuwa masu duhu. A Ilori aka kawo mana wani tuwo baƙi mai santsi. Malam ya juya kwanon ya ce, "Dije, wannan in an ba ni zan yaɓe tsaga da shi." Amma ya cinye, ya ƙara da rabin nawa. Mun bi ta Badun bayan azahar, zanena ya manne mani a baya, na buɗe taga don in sha iska, abin da ya shigo kamar tururin tukunya.

Ikko

Mun shiga wajen la'asar sakaliya. Auta ya tarye mu a tasha, ya rame, wuyanshi duk ƙurajen zafi. Muka shiga wata ƙaramar bas, muka sauka, muka bi wani lungu da aka jera katako bisa taɓo. Unguwarsu tana bayan tashar jiragen ruwa inda yake dako. Teku na nan kusa, kana jin warinta, amma ba ka ganinta, don wani dogon sito ya tare wannan ɓangaren duka.

Ku da ke gida, kada ku ce kun san zafi. Namu na bazara yana ƙona ka, amma in ka shiga inuwa ya sake ka, in ka yi gumi ya bushe, ruwan randa ya yi sanyi. Nasu ba ya sakin mutum. Ka yi wanka, kafin ka ɗaura zane ka sake jiƙewa. Na wanke tsummokaran jariri na shanya tun safe, magariba ta yi suna nan da lema. Gishiri ya narke a kwano. Kilishin da na ɗauko tun daga Babbar Kasuwa, kafin a raba shi ya yi fumfuna. Sama kuwa kullum fari-fari, a rufe kamar an kifa faifai. Mutanen wurin sun ce ruwa ya ɗan ɗauke ne kamar yadda yake yi a wannan watan, zafin nan kuma alama ce yana gab da dawowa.

A cikin wannan tururin na fara yi ma Rabi wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma. Itace ya ƙi kamawa, sai hayaƙi. Maƙwabciyarsu Maman Ladi, wata Kirista mutuniyar Filato, ita ta ara mani risho. Ta ce, "Kaka, a garin nan ma sai an dafa maijego? Ai gari ya riga ya dafa ta." Na ce haka aka yi mani, haka zan yi mata.

Ɗakin guda ne. Malam da Auta suna kwana a masallacin lungu, mu mata da jariri a ciki. Da Malam ya karɓi yaron ya ce, "To, ga wanda zai ƙwace mani mata. Kai, da wannan ƙaramin hancin?" Yaron ya yi tari. Malam ya saurara, ya ɗaga kai sama, ni ma na bi idonshi. Rufin kwano ne, ba silin, ya yi tsatsa, rana na shigowa ta huji nan da can, mafi girmansu daidai kan gadon maijego. Bango ya yi kore. A ƙarƙashin gado robobi ne da gwangwanaye jere, na tarar yoyo.

"Kabiru, a nan kuka yi damina?"

"A nan, Baba. Mun yi ma mai gida magana."

Mai gidan ba baƙo ba ne da za a ce bai san mu ba. Alhaji Bala, ɗan arewa ne kamar mu, ya daɗe a can, yana da ɗakunan haya a lungun. Malam ya same shi bayan sallah, aka gaisa, aka tambayi gida da damina da gajiyar hanya, sannan ya kawo maganar rufi. Alhaji ya ce sai rani, masu gyara ba su hawa yanzu. Malam ya ce, "Jariri ba zai jira rani ba. Ni magini ne, a ba ni tsani da ƙusa da kwalta." Nan take fuskar Alhaji ta washe. Mutumin da ya shekara yana cewa sai rani, kafin la'asar ya aiko da tsani da guduma.

Ga abin da ke ci mani rai. Kullum da safe Malam zai fito bakin lungu ya juya gabas ya ce yau ba ruwa. Auta na tsaye, sai ya ce, "Haka ne, Baba." Dattawan masallaci su ce, "Gaskiya ne, Malam." Ruwa kuma bai zo ba, sai ya zama kamar maganarshi ce ke aiki. Ranar da aka kawo tsani, a gabana ya ce ma Alhaji Bala, "Ni muddin gabas tana fari, ba ni da fargaba." Alhaji ya ce, "Ai ku ne manya, Malam, ku kuka san sama." Da kunnena na ji.

Ranar da ya hau

Auta ya fita aiki tun safe. Ranar zafin ya fi na kullum, ko ganye ba ya motsi, jariri sai kuka. Malam ya ce bari kwano ya ɗan huce, don haka sai bayan la'asar ya fito. Ya tuɓe babbar riga, ya naɗe wando, ya dubi gabas ya daɗe yana dubawa.

Na ce, "Malam, wannan ba soro ba ne. Ka jira Kabiru ya dawo ya hau."

Ya ce, "Kabiru buhu ya iya ɗauka. In ya hau nan sai dai mu tsince shi a kan gadon matarshi. Riƙe mani tsani."

Na riƙe. Ya hau a hankali, yana taka inda ƙusa take don nan ne katako. Ya durƙusa fuskarshi gabas, bayanshi ga dogon siton nan. Ina jin guduma, ina jin yana ɗan waƙe-waƙenshi na aiki. Ya gama babban hujin da ke kan gado, ya matsa na gaba.

Abin da na fara gani shi ne mata suna kwashe shanya da sauri, mai soya ƙosai ta ɗauke kaskonta. Na dubi gabas, fes. Sai na ji wata iska mai ɗanɗanon gishiri ta bugi ƙeyata. Na waiwaya, bisa siton sama ta yi baƙi ƙirin, hadarin ya riga ya iso kanmu. A gida hadari yana sallama, ya turo iska, ya ba ka lokacin ɗaure akuya. Wannan ba haka ya yi ba. Maman Ladi ta fito da gudu tana kiran Baba ya sauko, ni ma ina kira, ruwa ya fara dukan kwano har ba ka jin muryar kanka.

Ya juyo, ya gani. Ya rarrafo ya nufo tsani. Saura kaɗan ya kama shi iska ta shiga ƙarƙashin wani kwano da ƙusarshi ta ruɓe, ta ɗaga shi, ta ɗaga Malam tare da shi. Ya faɗo bayan ɗaki, kan tubalan siminti da Alhaji ya tara a wurin.

Maza suka ciccibe shi. Kafin a fita lungu ruwa ya kai gwiwa, katakan da ake takawa sun tashi suna yawo. Mota ta ƙi shigowa, a kan ƙyauren ƙofa aka ɗauke shi har titi. A asibiti suka ce kai ne ya bugu. Bai buɗe ido ba. Washegari da hantsi Allah Ya karɓi abinshi.

Na so a kawo shi gida, aka ce da wannan zafin ba zai yiwu ba, kuma addini bai ce a jinkirta ba. Na yarda. Da suka dawo daga maƙabarta na ga wandunansu jiƙe da taɓo har cinya. Na matsa ma Auta sai da ya faɗa mani cewa suna haƙa ruwa na tsattsafowa, sai da aka yi ta kwalfewa da kwano kafin a sa shi. Mutumin da ya ƙare rayuwarshi yana hana ruwa shiga ɗakin mutane.

Bayan addu'ar uku na kira Auta gefe.

"Ka san ruwan garin nan yana zuwa ta teku?"

Ya ce, "Na sani, Inna. Wani lokaci ta gabas, wani lokaci ta teku. Nan ba shi da alƙibla."

"To me ya rufe maka baki?"

"Inna, ta yaya zan dubi Baba in ce mashi bai san hadari ba?"

Ya fashe da kuka. Ni na haife shi, ni na koya mashi kada ya yi gardama da uba, amma ban taɓa ce mashi ya bar uba ya hau rufi da baya ga hadari ba. Ladabi daban, wannan daban.

Alhaji Bala ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, yana ta Allah Ya jiƙan Malam, mutumin kirki. Daga bayan labule na ce, "Alhaji, shekarunka nawa a garin nan?" Ya ce suna da yawa, Hajiya. Na ce, "Ni ba Hajiya ba ce. Da ka ce mashi shi ya san sama, kai ba ka san ta ba?" Ya ce ai Malam babba ne, ba a yi mashi musu. Na ce, "Da ya ce a gyara rufi ka iya musu, har ka ce sai rani. Da ya ce zai hau kyauta ne girmanshi ya zo maka?" Aka yi ta ba ni haƙuri, wai mai takaba ba ta ɗaga murya. Na ce a mayar mashi da shinkafarshi, ya sayar ya sayi ƙusa.

Duk sun ba ni dalili, amma ban karɓi ko ɗaya a matsayin amsa ba. Magana ce da ba ta fi numfashi ɗaya ba. Kuma Malam ba mai taurin kai ba ne a kan aiki, da an faɗa mashi da ya sa ni tsaye inda zan hango wancan ɓangaren.

Ruwa ya ci gaba kusan kullum, in ya ɗauke zafi ya dawo ya fi na da. Ɗakin yana yoyo ta ko'ina, ga gurbin kwanon da ya tashi an rufe da leda. Wuri ɗaya ne ba ya ɗiga, kan gadon, inda ya gama. Tarin yaron bai tsaya ba. Na ce ma Auta zan koma in yi takabata a ɗakina, kuma da Rabi da jariri zan tafi. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce, "Yanzu ka iya?" Ya rufe. Daga baya abin ya dame ni, don shi ma uba ya rasa. Da za mu rabu a tasha na dafa kanshi na sa mashi albarka.

Komawa

Maman Ladi ta raka mu har mota, ta ƙulla ma Rabi busasshen kifi, ta riƙe hannuna. Hanyar da muka bi ita muka sake bi, Badun, Ilori, Makwa. Wannan karon na haye gadar ido buɗe. A wani shinge mai kaki ya leƙo ya gan ni da carbi, ido a kumbure, ya ce, "Mama, lafiya?" Direba ya ce, "Mijinta ta baro a Ikko." Ya janye itacen muka wuce.

Daga Birnin Gwari iska ta fara bushewa. Tsummokaran da muka ɗauko da lema na rataya a taga, kafin Funtuwa sun bushe ƙayau. Yaron ya yi barci mai nauyi a cinyata. Mun shigo Katsina da yamma, gero ya nuna, an fara yanka. Na tarar an yi ruwa mai yawa a bayanmu, katangar maƙwabta ma ta zube, amma ɗakina ko ɗigo.

Na gode Allah da Ya maido mu. Na gode ma Maman Ladi, da mazan da suka ɗauke shi cikin ruwa ban ko san sunansu ba, da direban da ya yi ta tsayawa don maijego, da ku mutanen Ƙofar Durbi da kuka cika gidan nan. Tarin yaron ya warke, Rabi ta gama wankanta a tsakar gidana. Masu 'ya'ya a can, in za ku je, ku tambaye su abin da suka sani, ku matsa masu har su faɗa. Ku kuma yara, in tsohonku ya zo inda kuka fi shi sani, ku faɗa mashi, ya ji haushi ya huce.

Masu zuwa gaisuwa suna yawan tambayata ko ya bar wasiyya, ko ya cika da kalmar shahada. A asibiti na ga leɓenshi na motsi, abin da ke tsakaninshi da Ubangijinshi ke nan, ina kuma kyautata zato. Amma ni ba a can ya yi mani magana ta ƙarshe ba. A kan rufin ne, lokacin da ya rarrafo ya leƙo ƙasa, ya gan ni rungume da tsani ruwa na dukana, ɗankwalina ya tafi. Sai da ya ɗaga murya kafin in ji shi.

"Dije, saki tsanin nan ki shiga ciki. Sanyi zai kama ki."